Awon Umma

"Saka hannunka a nan. Saka mana! Wace mace ce damtsenta zai shiga ramin nan?"

Hajiya mai shago ta cafko rigar ta hammata tana kaɗa masa ita a fuska. Auta bai saka hannun ba. Yana tsaye jikin teburin yanka, jakarsa rataye a kafaɗa.

"Telolinki ne ba su bi kwalin ba," ya ce.

"Telolina? Kai Tela, ka kiyaye ni."

"Ni ba tela ba ne."

"To Malam Mai Basira. Ga kwalinka, ga abin da suka yanka. Ɗora ka gani da idonka."

Ya ɗora. Yankan ya hau kan kwalin cif, ko silin zare bai kauce ba. A bayansa kekunan ɗinki suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya. Teloli sun sami abin kallo.

"Ƙugu kamar randa, kafaɗa kamar ta 'yar firamare," in ji Hajiya. "Wata baiwar Allah ta gwada ɗazu, sai da muka farke ɗinkin kafin ta fito daga ciki. Tana haki tana zagina. Ni, a cikin shagona! Ga yadi an yanka ya kusa bandir. A jikin wa ka gwada wannan abin?"

"Inda na saba."

"To ko idonka ne ya mutu, ko ka fara shan wani abu. Ka buɗe kunne. Kafin ƙarshen mako ina son sabuwar rigar gwaji da sabon kwali, irin wanda ɗan Adam zai shiga ya fita. In ba haka ba, ba ni kaɗai ka rasa ba. Duk masu shagon da kake kai wa aiki, waya ɗaya ce tsakanina da su."

Ya cusa rigar a jaka. Wani tela ya yi tari irin na mai danne dariya. Auta ya fice bai dube shi ba.

A mota ya sami kujerar baya, ya jingina kansa da gilashi.

Aikinsa ba wani mai wuyar faɗa ba ne. Ya zana riga a takarda, ya ɗinka guda ɗaya ta gwaji, sannan ya yanka siffarta a kwali, gaba daban, baya daban, hannu daban, ya sayar wa shago. Telolin shagon su ɗora kwalin a kan yadi su yi ta yanka. Ba shi da oga, ba mai buga masa ƙararrawa. Ranar da ya ga dama ya yi aiki, ranar da bai ga dama ba ma ya yi, don babu albashin da ke jiransa a ƙarshen wata. Da a kamfanin ɗinki yake. Shekaru ya kwashe a can yana ɗinka aljihu. Aljihu kawai. Na kusa da shi zif, na gaba maɓalli, shi aljihu, har ya kai in ya rufe ido aljihu yake gani.

Abin da ya fitar da shi daga can abu ne da kowa ya raina: mata masu jiki. Su shiga shago da kuɗinsu da mutuncinsu, a miƙo musu buhu mai hannu a ce riga ce. Shi kuwa a gidan mace mai jiki ya tashi. Gumakan da ake saka wa kaya a kasuwa duk sirara ne kamar ba su taɓa cin abinci ba, don haka bai taɓa sayen ko ɗaya ba. Umma ce awonsa.

Ta tsaya jikin taga, ya ɗora mata yadin a kan kayan jikinta, ya ja alli, ya soka fil. Ta ɗaga hannu ta ce, "Yana cizona a hammata," ya buɗa. Ta zauna ta ce, "Nan zai yage a gaban mutane," ya ƙara. In fil ya kuskure ya taɓa nama, duk benen sai ya ji. "Wayyo, ɗan nan zai kashe ni! Haka na dinga sukarka lokacin da nake goyonka?" Matan da ba su taɓa ganin Umma ba suna yawo a gari da faɗin bayanta, suna yabon shagon Hajiya.

Ɗaki biyu ne gare su a saman bene. Na waje nan ne wurin aiki: keke, tebur, kwalaye rataye a ƙusa, buhun ƙyallaye a ƙarƙashin keken. Ya tarar da Umma zaune a kujerarta, ta saka babbar riga ta kuma yafa mayafi mai kauri, ga rana tana dukan kwanon rufi.

"Da zafin nan, Umma?"

"Tsufa sanyi gare shi. In ka kai za ka ba da labari. Me ya sami fuskarka kamar yaron da aka yaye jiya?"

"Hajiya ce."

"Mai bakin almakashi? Me ta yanka yau?"

"Ni."

Kwanon abincinta na gefe a rufe. Ya ɗaga murfin da yatsa.

"Na ci," ta ce. "Wannan na biyu ne."

Ya mayar da murfin. Hankalinsa na kan rigar. Ya fara zargin tef ɗin awonsa, ya shimfiɗa shi jikin ma'aunin ƙarfe, ya ga lafiyarsa lau.

"Tashi, Umma."

"Ka ce don Allah. Ma'aikaciya ce ni, ba baiwa ba."

"Don Allah tashi."

"Bari in kimtsa."

Ta dafa kujera ta miƙe, ta shige ɗakin ciki ta tura ƙofa. Kimtsawar nan sabuwar ɗabi'a ce, kuma tana daɗewa. Ya zauna yana kaɗa ƙafa har ta fito ta tsaya a wurinta jikin taga, ta ware hannuwa.

Ya zura mata rigar da Hajiya ta kaɗa masa a fuska. Ta shiga sumul. Kafaɗa ta zauna, hammata ta zauna, hannun ya kwanta a damtse ba matsi ba lilo. Ya zagaya tef a ƙirji, ya zagaya a ƙugu. Lambobin da ya haddace ne, ba su motsa ba. Kafaɗa da damtse kuwa bai taɓa auna su da tef ba. Da yatsu yake tattaro yadin har ya kwanta a jiki, ya soka fil a nan. Shi ya koya wa kansa hakan, kuma yana taƙama da shi.

"Ka gani? Ta yi min," in ji Umma. "Matar nan fitina kawai take ji. Ka san ta ƙasanmu ta sake yin faɗa da mai ruwa? Wai ya cika mata bokiti rabi. Na leƙa ta taga na ce, baiwar Allah, bokitin naki ai ƙasansa a fashe yake."

Ya durƙusa zai ɗan rage ƙugun ko zai kashe bakin Hajiya. Ransa a ɓace yake. Fil ya kuɓuce masa ya shige miƙe, har kai.

Ya runtse ido yana jiran ihun.

"Sai ta ce wai in ji da tsufana. Ni! Na ce ke kuma ki ji da bokitinki."

Ya buɗe ido. Kan fil ɗin na nan yana ƙyalli a gefen cikinta. Ya zaro wani daga bakinsa, ya ɗora a ɗaya gefen, ya tura a hankali. Ya shige kamar a cikin katifa. Umma na ta ba da labarin mai ruwa. Ya ɗora tafin hannunsa ya danna. Abin da ya ji ba jikin mutum ba ne.

Ta dube shi, ta dakata da labarin.

"Umma."

"Na'am."

"Fil ne a cikinki. Har kai."

Ta sunkuyar da kai ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Fita ka ba ni wuri."

Bai fita ba. Ta cire rigar gwajin da kanta, ta zauna a kujera, ta zura hannu ƙarƙashin babbar rigarta ta kwance wata igiya. Ta jawo wata doguwar ɗamara mai kauri ta yar a ƙasa. Ta jawo ta biyu, wannan ta ƙirji da baya. Ta jawo wasu ƙunsuna guda biyu masu kama da matashin jariri. Ɗinkin hannu ne, ƙanana-ƙanana, mai kyau. Ta inda bakin ɗaya ya buɗe ya ga cikon. Ƙyallayensa ne. Ga koren da ya yi wa Hajiya bara, ga mai ɗigo-ɗigon da wani shago ya ƙi karɓa.

Abin da ya rage a kujerar bai san shi ba. Rigar ta rataya a jikinta kamar an rataye ta a ƙusa. Kullum yana kallon wuyan nan, yana gyara masa yadi, bai taɓa ganin ramukan da ke gindinsa ba.

"Da tef ɗinka nake aunawa in ka fita," ta ce. "In ya ragu in ƙara ƙyalle. Hannun ne ya gagare ni. Ko na naɗa, zamewa yake."

"Tun yaushe?"

"Tun da abinci ya fara yi min gardama."

"Tun yaushe, Umma?"

"Kada ka ɗaga min murya, ni na haife ka."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa ka yi me? Ka koma ɗinka aljihu?" Ta numfasa, ta dafe gefen cikinta na gaskiya. "Tun da ƙafa ta raba ni da kasuwa, wa ya sake cewa Umma tashi in ba kai ba? Yayarka in ta zo, Umma zauna, Umma kwanta, Umma bar shi zan yi. Kai kaɗai ke tashina. To na tashi. Laifi ne?"

Ya tattara ɗamarar daga ƙasa, bai san inda zai kai ta ba, ya tsaya riƙe da ita. Da ɗumin jikinta har lokacin.

Ya kira Yaya a waya. Ita ce babba, tana aure a wancan gefen gari. Ta zo ko takalmi ba ta daidaita ba, ta shiga ta ga Umma, ta fito ta jawo shi kan matakala.

"Kai da kullum hannunka ke jikinta! Kullum! Me kake kallo?"

"Riga."

"Riga. Allah ya shirye ka, Auta."

"Ke da kike zuwa ki ajiye leda ki ce Umma sannu ki tafi, me kika gani?"

"Ni ba na zagaya ta da tef."

"Tef ɗin bai nuna ba."

"Fuskarta fa? Ita ma ƙyalle ta cusa mata?"

Daga ciki Umma ta ɗaga murya, muryar ce kaɗai ba ta rame ba. "In kun gama raba gadon ku shigo ku rufe min ƙofa."

Washegari da safe suka kai ta asibiti. Ta so ta ɗaura ɗamarar kafin su fita, wai kada maƙwabta su gan ta haka. Yaya ta hana. Suka sauko da ita bene a tsakiyarsu, Auta yana jin gwiwar hannunta a tafinsa kamar kan cokali. Aka ɗora ta a sikeli, nas ta duba ta rubuta ba ta ɗago ba. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka ce su dawo. Suka dawo. Likitan yaro ne, bai fi Auta da yawa ba. Ya bar Umma a ciki ya fito da su baranda.

"Akwai abu a cikinta, kuma ya jima," ya ce. "Za mu yi abin da za mu iya. Ku rage mata wahala. Kada ta yi doguwar tsayuwa, kada ta ɗauki komai."

"Za ta warke?" in ji Yaya.

"Ku fara ba ta maganin tukuna."

Takardar maganin doguwa ce. Yaya ta karanta ta ninke ta miƙa masa.

"Mijina ya yi nasa jiya da yau. Saura kai, mai zaman kansa."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Hajiya. Ya matsa jikin bango ya ɗauka.

"Tela, ina kayana?"

"Suna zuwa, Hajiya."

"Ka gano inda ka yi shirmen?"

"Na gano."

"To madalla. Kada ka zo min da labari, riga nake so."

Ya nemi wani jikin. Ya sauka wurin ta ƙasansu, mai faɗa da mai ruwa, ita ma tana da jiki. Ta yarda tana dariya. Amma nata duk a ƙasa ya taru, sama ba komai, kuma duk abin da ya ɗora mata sai ta ce, "Kai, ya yi kyau!" Ya matse hammatar da gangan har yadin na ƙara, ta ce ya yi kyau. Kafin ya gama mijinta ya dawo, ya tsaya a ƙofa yana kallon hannun Auta. Bai sake sauka ba. Ya zaga kasuwa layi-layi yana tambayar gunki mai ƙiba. Wani ya ce masa, "Ɗan'uwa, wa zai sayi gunki mai tumbi?"

A gida Umma na kwance a ɗakin ciki. Maganin na sa ta barci, in ta farka sai ta kira shi.

"Auta, yaushe gwaji?"

"Ki huta tukuna."

"Kai ma ka koyi yaren Yayarka? Ina ɗamarata?"

"Na ajiye."

"Ajiye min a ina? Aikin hannuna ne."

Sai ya ce ana kiransa a waya, ya fito.

Ana gobe wa'adin Hajiya zai cika, Umma ta sha maganin rana ta yi barci. Yaya na tsugune a kusurwa tana wanke kofuna. Auta ya jawo tsohuwar fankar tsaye da ta mutu tun bara, ya kwance kanta ya ajiye, ya bar sandar da gindinta. Ya ɗaure hangar rataye kaya a sama, ya faɗaɗa ta da kwali. Ya rungumo matashi biyu ya ɗaure a jikin sandar. Sannan ya ciro ɗamarun Umma daga bayan tebur ya naɗa, ta ƙugu a ƙugu, ta ƙirji a ƙirji.

"Me kake yi haka?" in ji Yaya.

"Aiki."

Ya buɗe akwatin Umma a hankali ya ɗauko wata shuɗiyar riga. Ita ce ta farko da ya ɗinka mata bayan ya bar kamfani, lokacin tana cike da ita har ɗinkin na neman magana. Ya zura wa sandar. Ya dinga ɗebo ƙyalle daga buhu yana cusawa ta wuya, ta hannu, yana dannawa da dunƙule, har kafaɗar ta ciko, damtsen ya yi nauyi, bayan ya faɗaɗa. Ya zagaya tef. Ya ƙara a nan, ya rage a can. A wannan karon har kafaɗa da damtse ya auna.

Yaya ta daina wanke-wanken.

"Auta, wannan abin ba kyau."

"Ki kawo kuɗin maganin in wargaza shi."

Ta mayar da kanta kan kofuna.

Ya ja da baya ya duba. Ba kai, ba ƙafa, amma ko daga ƙarshen layi ka hango bayan nan ka san na wace ce. Ya yanka sabon yadi ya harhaɗa, ya ɗora. A tsakiyar ɗaki haske bai isa ba, alli ba ya fita. Wuri ɗaya ne a gidan ke da hasken aiki. Ya rungumi abin ya ɗaga, ya fi Umma ta yanzu nauyi, ya kai shi jikin taga ya dasa.

Aikin ya tafi da sauri. Ba mai motsi, ba mai cewa ƙafarta ta gaji, ba labarin mai ruwa. Ya matse hammata ya jira. Ba wanda ya ce yana cizo. Ya buɗa kaɗan da ka, ya wuce. Ya cika baki da fil, ya durƙusa yana kama kalmasar ƙasa.

Bai ji buɗe ƙofar ba. Jan ƙafa ya ji.

Umma ce, hannu ɗaya a bango. Ta saka babbar rigarta, ta gyara ɗaurin kai. Ta naɗa tawul a ƙugu ta ƙarƙashin rigar, yana zamewa, ta riƙe shi da ɗaya hannun ta waje. Gefensa ya leƙo yana jan ƙasa.

"Na ji ƙarar almakashi," ta ce. "Na ce bari in kimtsa kafin ka..."

Ta tsaya.

Ta dubi shuɗiyar rigar da ke leƙowa ta ƙarƙashin sabon yadin. Ta dubi faɗin kafaɗar, ta bi shi da ido har ƙugu, har gindin fankar da ke zaune daidai inda siminti ya yi santsi saboda tsayuwarta. Yaya na riƙe da kofi, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta. Auta na durƙushe, bakinsa cike da fil.

Tawul ɗin ya suɓuce ya faɗi a kan ƙafafunta. Ba ta duba shi ba.

"Auta," ta ce, "to ni a ina zan tsaya?"